Bazoum Mohamed: Balaraben Taskar da Ya Riƙe Harkokin Wajen Nijar Sau Biyu

Wanda ya bi hanyar Damagaram zuwa Tanut, da ya ci kimanin kilomita 50 zai hango tankuna da dogayen bututan matatar mai ta SORAZ, kusa da Bakin Birji, cikin ƙaramar hukumar Olelewa ta gundumar Tanut. An buɗe ta ranar 28 ga Nuwamba 2011. Tana iya tace ganga 20,000 a rana, kamfanin CNPC na ƙasar Sin ke da kashi 60 cikin 100 nata, gwamnatin Nijar na da 40. Galibi ana ɗaukar ta aikin injiniyoyi, amma tun kafin injiniya ya kafa ƙarfe ko ɗaya sai da ma'aikatar harkokin waje ta yi nata. A 1992, lokacin da baitulmali ya bushe har albashi ya gagara, Nijar ta ƙulla hulɗar jakadanci da Taiwan saboda kuɗin da ta yi alkawari. Sin ta yi fushi ta yanke hulɗa. Sai a watan Agusta 1996 aka maido da zumunci. Da ba a maido ba, da babu yarjejeniyar man Agadem ta 2008, da kuma babu matata a ƙasar Damargu, wato yankin Tanut da Belbeji.

Akwai mutum guda da ya kasance cikin wannan ma'aikata a 1992 yana ƙaramin minista, ya dawo a 1995 yana minista, ya sake dawowa a 2011, shekarar da aka kunna matatar. Shi ne Bazoum Mohamed. Kada a ba shi abin da ba nasa ba: Shugaba Tandja Mamadou ne ya kawo Sinawa Agadem, a lokacin kuwa Bazoum yana cikin 'yan adawa. Amma tun ranar 26 ga Yuli 2023 ba a maganarsa sai a matsayin shugaban da soja suka hamɓarar, masu so na kuka, masu ƙi na murna, an bar shekarun da ya yi yana magana da yawun Nijar a gaban duniya. Mutanen Tanut da Belbeji kuwa suna da dalilin sanin waɗannan shekaru fiye da mutanen Yamai, domin abin da aka ƙulla a wancan ofis a ƙofarsu yake fara sauka.

Takardu sun nuna an haife shi ranar 1 ga Janairu 1960 a Bilabrin, cikin yankin Ingurti na jihar Difa, yankin da daga baya aka haƙo man da ake turowa Olelewa. A Taskar ya tashi, gabas da Tanut, inda gona take ƙarewa rijiya da raƙumi su karɓi ragamar rayuwa. Iyayensa Larabawa ne na Awlad Sulaiman. Asalin wannan ƙabila ƙasar Libiya ta yau ce, tsakanin Sirte da Fazzan. Shugabansu Abdul Jalil ya mallaki Fazzan na wasu shekaru, har Turkawan da ke mulkin Turabus suka kashe shi a 1842. Waɗanda suka tsira suka gangaro kudu zuwa Kanem, arewa da Tafkin Chadi, suka yi ƙawance da Shehun Barno. Wasu kuma sun biyo baya wajajen 1930, suna gudun sojan Italiya.

Damargu ba baƙuwar Larabawa ba ce, sai dai ta san iri biyu. Akwai fataken Gadamus da Turabus, waɗanda ayarinsu ke bi ta Gat da Abzin su yada zango a Jajiduna kafin su wuce Damagaram da Kano. Suna kawo yadi da takarda da sukari, su koma da gashin jimina da ƙiraga da hauren giwa. Ƙasar a lokacin rumbun gero ce, ita ke ciyar da Abzin. A nan ne, a Tagelel, Baturen nan Heinrich Barth ya rabu da ɗaya daga cikin abokan tafiyarsa biyu a Janairu 1851, kowa ya kama hanyarsa. Wannan fatauci ya mutu bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka koma bi ta teku. Iri na biyu su ne Larabawan gabas, dangin Bazoum, makiyaya kuma mayaƙa. Da su ba kullum aka sha daɗi ba. Sun sha kai hari kan raƙuman ayarin gishirin Bilma, har Abzinawa suka haɗa runduna a 1850 suka yi musu mummunar ɓarna. Na kawo wannan ne don mai karatu ya gane cewa zaman da ake yi yau tsakanin Buzu da Balarabe da Batube da Badagire da Bahaushe da Bafillace a wannan yanki ba daga sama ya faɗo ba. An yi jini kafin a kai ga auratayya da cin kasuwa ɗaya.

Larabawan Nijar duka, na Difa da na Tasara da na Ingal, ba su kai kashi 1 cikin 100 na jama'ar ƙasa ba. A watan Oktoba 2006 ma gwamnati ta taɓa ba da sanarwar za ta kori Larabawa Mahamid daga jihar Difa zuwa Chadi, kafin ta janye bayan 'yan kwanaki. Mahamid daban, Awlad Sulaiman daban, amma abin ya nuna yadda kalmar "baƙo" take kusa da bakin mutane idan aka zo kan Balarabe. Ɗan irin wannan ƙabila ba zai hau da yawan dangi ba. Abin da ya ɗaga Bazoum lakwal ce, sannan ƙungiyar ƙwadago, sannan jam'iyya.

Ya yi firamare a Taskar, ya wuce Gure, sannan lisen Amadu Kuran Daga ta Damagaram, inda ya ci jarrabawar bak a 1979. Makarantar na ɗauke da sunan sarkin da aka kashe Kyaftin Cazemajou a zamaninsa a 1898, wanda kuma ya kara da Faransawa a Tirmini a shekarar da ta biyo. Daga nan ya tafi Jami'ar Dakar ya karanci falsafa har 1984, ya dawo ya kama alli yana koyarwa a lise. Wanda ya taɓa sauraron hirarsa a rediyo, da Faransanci ko da Hausa, ya ji wannan malanta a bakinsa: yakan jero hujja ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ya iya ɓoye gajiyarsa da wanda yake ganin bai fahimta ba. Wannan hali ya yi masa rana a teburin shawara, ya kuma jawo masa maƙiya da yawa.

Ya shiga ƙungiyar malamai ta SNEN, ya kai ga shugabannin uwar ƙungiyar ƙwadago ta USTN, wadda ita da ɗalibai suka matsa wa Janar Ali Saibou har ya yarda da jam'iyyu da yawa. A Disamba 1990 yana cikin waɗanda suka kafa PNDS Tarayya tare da Mahamadou Issoufou. Babban Taron Ƙasa da aka yi daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, ƙarƙashin jagorancin masanin tarihi André Salifou, ɗan Damagaram, shi ya haifar da gwamnatin riƙon ƙwarya ta Amadou Cheiffou. A cikinta aka ba Bazoum, yana da shekara 31, muƙamin ƙaramin minista mai kula da hulɗar taimako da ƙasashen waje.

A nan ya kamata a tsaya a fayyace mene ne aikin. A ƙasa mai ƙarfi, ministan harkokin waje yana auna inda ƙasarsa za ta sa hannu da inda za ta janye. A ƙasa irin Nijar, wadda ba ta da bakin teku, take da iyaka da ƙasashe bakwai, kuma har zuwa 2023 kusan kashi 40 cikin 100 na kasafin kuɗinta daga waje yake zuwa, rabin aikin neman abin sawa a baki ne. Shi ke zama da masu ba da bashi da masu ba da agaji, shi ke lallashin maƙwabcin da kaya ke bi ta tasharsa, shi ke kula da jakadu da ƙananan jakadu waɗanda ɗan ci-rani zai ruga wurinsu in an kama shi a Sabha ko Tamanrasat. Tsarin mulkin wancan lokaci ya bar wa shugaban ƙasa babbar magana kan siyasar waje, minista mai aiwatarwa ne kuma mai ba da shawara. Don haka duk abin da za a faɗa a ƙasa, na yabo da na zargi, ba shi kaɗai ke ɗauke da shi ba. Yaro ɗan shekara 31 da ya fara wannan aiki 'yan watanni kafin a sayar da amincewar ƙasa ga Taiwan don a biya albashi, ya koyi darasi tun da wuri kan abin da talauci ke yi wa 'yancin kai.

A 1993 ya zama ɗan majalisar dokoki daga mazaɓa ta musamman ta Taskar. Cikin kujeru 83 na majalisar wancan lokaci an ware 8 don yankunan ƙananan ƙabilu, irin su Taskar da Ingurti da Tasara da Bilma da Bermo, saboda kada yawan manyan ƙabilu ya shafe su. Mafi yawan mutanen Taskar Tubawa ne, ba Larabawa ba. A riƙe wannan, zai dawo.

Zaɓen Janairu 1995 ya ba ƙawancen jam'iyyun MNSD da PNDS rinjaye, Hama Amadou ya zama firaminista, Mahamane Ousmane kuma yana kan kujerar shugaban ƙasa. Ranar 25 ga Fabrairu 1995 aka naɗa Bazoum ministan harkokin waje. Zaman 'yan marina aka yi, kowa da inda ya sa gaba: shugaba ya ƙi kiran taron ministoci, firaminista ya yi naɗe-naɗensa, ministan waje kuma yana tsakiya, yana wakiltar ƙasar da take magana da baki biyu. Duk da haka a wannan shekara ce, ranar 24 ga Afrilu, aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu da 'yan tawayen Abzinawa na Rhissa ag Boula, da shiga tsakanin Aljeriya da Burkina Faso da Faransa. Ita ce ranar da ake hutu kowace shekara da sunan haɗin kan ƙasa. Ga mutanen Damargu, waɗanda hanyarsu ta Agadas ta zama sai da rakiyar soja, wannan takarda ta fi kowane jawabi amfani.

Kanal Ibrahim Baré Maïnassara ya kifar da gwamnati ranar 27 ga Janairu 1996. Bazoum ya ci gaba da riƙe ma'aikatar har watan Mayu, sannan André Salifou ya gaje shi. Masu sukarsa ba su manta da waɗannan watanni uku ba, kuma suna da hujja: mutumin da daga baya zai zama mai tsananin ƙyamar juyin mulki ya taɓa zama ministan gwamnatin soja. Amma zaman bai daɗe ba. Bayan zaɓen Yuli 1996, wanda aka rushe hukumar zaɓe ana tsakiyar ƙidaya, aka yi masa ɗaurin talala a gida tare da Issoufou ranar 26 ga Yuli, sai 12 ga Agusta alƙali ya sa aka sake su. A Janairu 1998 an sake kama shi bisa zargin shirin kashe Baré, aka sake shi ba tare da tuhuma ba. Shekarun da suka biyo na majalisa ne da adawa. Yana cikin waɗanda suka kawo ƙudurin da ya kayar da gwamnatin Hama Amadou a ƙarshen Mayu 2007, yana kuma sahun gaba wajen yaƙi da tazarcen Tandja a 2009.

Ranar 21 ga Afrilu 2011 Issoufou, wanda ya zama shugaban ƙasa, ya maido shi ma'aikatar da muƙamin ministan ƙasa. Ofishin ya haɗa da kula da haɗin kan Afirka da kuma 'yan Nijar mazauna waje, wannan na ƙarshe kuwa shi ne ya fara faɗo masa a ka. Libiya na ci da wuta tun Fabrairu, jiragen NATO na ruwan bama-bamai tun Maris. Duk wanda ya san Damargu ya san abin da Libiya take nufi a can. Tun farin 1973 da na 1984 ƙasar da ta ciyar da Abzin ta koma ba ta iya ciyar da kanta kowace shekara, samari suka mai da Sabha da Turabus da Misrata gonarsu ta rani. Suna aikin gini da lambu da kiwo da gadi, su aiko da abin sayen hatsi da na aure. Da yaƙi ya ɓarke, 'yan tawaye suka riƙa kallon duk baƙar fata a matsayin sojan hayar Gaddafi. An kashe wasu, an tsare wasu, an ƙwace wa da yawa abin da suka tara. Fiye da mutum 200,000 suka dawo Nijar, mafi yawa ta Dirku da Agadas, a saman manyan motoci, hannu rabbana. Daminar 2011 kuma ba ta yi kyau ba. Gidan da ke jiran aike sai ga mai aiken ya dawo yana neman abin da zai ci.

Matsayin Nijar a lokacin a fili yake. Issoufou ya gargaɗi manyan ƙasashe a taron Deauville na Faransa a watan Mayu 2011 cewa rusa gwamnatin Libiya ba tare da shirin abin da zai biyo baya ba zai watsa makamai cikin Sahel. Ba a saurare shi ba. Ƙaramar ƙasa tana iya yin gaskiya, amma ba ta da ikon sa a bi gaskiyarta. Da Turabus ta faɗi a watan Agusta, Nijar ta amince da sabuwar hukumar 'yan tawaye, domin ba yadda za ta yi gaba da wanda ke riƙe da iyakarta ta arewa da dubban 'ya'yanta.

Sai ga Sa'adi, ɗan Gaddafi, ya tsallako cikin Satumba 2011. Sababbin masu mulkin Libiya suka ce a miƙo shi, 'yan sandan duniya na Interpol suka sa sunansa cikin waɗanda ake nema. Nijar ta ƙi, ta ce ta ba shi mafaka don jinƙai kuma ba ta da tabbacin za a yi masa shari'ar adalci. A Fabrairu 2012 ya yi magana a tashar Al Arabiya yana hasashen tawaye a Libiya, aka ƙara tsananta masa tsaro a Yamai. Shekara biyu da rabi ana wannan ja-in-ja. Ranar 6 ga Maris 2014 aka sa shi a jirgi aka miƙa shi Turabus, bisa hujjar cewa ya karya sharaɗin zamansa yana hura wutar rikici a kudancin Libiya. A ganina wannan lamari ya fi kowane nuna iyakar abin da ma'aikatar za ta iya. Ta riƙe amanar baƙo har zuwa ranar da riƙon ya fi ƙarfinta, sannan ta sake. Hotunan da aka nuna daga baya na yadda aka yi da shi a kurkuku sun tabbatar da cewa tsoron da Nijar ta bayyana tun farko ba na banza ba ne.

Ga inda maganar Taskar take dawowa. A Sabha, cikin Maris 2012 da kuma Janairu 2014, Awlad Sulaiman da Tubawa sun gwabza ƙazamin faɗa, mutane da yawa suka mutu. Ke nan a ƙetaren iyaka dangin ministan na yaƙi da dangin waɗanda suka zaɓe shi. Wannan wuta ba ta tsallako ta zama yaƙin ƙabilu a Nijar ba. Dalilan suna da yawa: sarakunan gargajiya, da tsofaffin 'yan tawaye da aka jawo cikin mulki, da naɗa Brigi Rafini, Ba'abzine ɗan Iferwan, firaminista tun Afrilu 2011. Amma kasancewar manyan gwamnati sun san waɗannan mutane da sunayen rijiyoyinsu, ba daga rahoton jakada suke jin labarinsu ba, ya taimaka ƙwarai. Mali ba ta yi wannan dace ba.

A can, mayaƙan da suka dawo daga Libiya da makamansu suka tayar da tawaye a Janairu 2012, soja suka kifar da gwamnati a Bamako ranar 22 ga Maris, cikin 'yan kwanaki Kidal da Gao da Tambutu suka faɗi, daga baya masu iƙirarin jihadi suka kori 'yan awaren suka mallake garuruwan. A nan aka fi jin muryar Bazoum. Lokacin da Aljeriya ke cewa a bi ta tattaunawa, shi yana yawo tsakanin taron ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, da manyan biranen Turai da Amurka yana cewa sai an sa ƙarfin soja, kuma da gaggawa, domin Gao ba ta da nisa da Yamai. Faransa ta shiga ranar 11 ga Janairu 2013, sojan Nijar suka bi ta Menaka zuwa Gao tare da na Chadi. A farkon wannan shekara aka ba Amurka izinin girke jirage marasa matuƙi a Yamai, daga baya ta gina babban sansani a Agadas. Sakayya ba ta jima ba: ranar 23 ga Mayu 2013 aka kai harin ƙunar baƙin wake a barikin soja na Agadas da ma'adinar yuraniyom ta Arlit. A Fabrairu 2014 aka kafa ƙungiyar G5 Sahel a Nuwakshot. Tubalin da aka gina siyasar tsaron Nijar a kai har 2023, wato jingina da Faransa da Amurka da Tarayyar Turai, a waɗannan shekaru aka aza shi, kuma da hannun Bazoum a ciki dumu-dumu.

Akwai aikin da ba a yi masa ganga ba, wanda ni na fi ganin darajarsa. Nijar da Burkina Faso sun kai rigimar iyakarsu Kotun Duniya ta Hague, Bazoum ya jagoranci tawagar Nijar, kotu ta yanke hukunci ranar 16 ga Afrilu 2013, ƙasashen biyu suka karɓa. Daga baya aka amince a yi musayar garuruwa 18 ba tare da an harba harsashi ko ɗaya ba. Wanda ya tuna cewa Burkina da Mali sun yi yaƙi kan irin wannan a 1985 zai san abin ba ƙarami ba ne.

A watan Oktoba 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawa mata da yara daga yankin Kance na jihar Damagaram, motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Bara za su je yi. A Disamba 2014 aka fara kwaso 'yan Nijar daga Aljeriya bisa fahimtar juna tsakanin gwamnatocin biyu, motocin da ke maido su gida kuwa ta Tanut suke ratsawa. A farkon 2015 abubuwa suka haɗu masa: zanga-zangar 16 ga Janairu a Damagaram kan zanen jaridar Charlie Hebdo, bayan Issoufou ya halarci macin Paris, inda aka ƙona coci-coci da cibiyar al'adun Faransa, taron ministocin yankin a Yamai kan Boko Haram ranar 20 ga wata, sannan harin Boso da Difa ranar 6 ga Fabrairu. Abin da ya faru a Damagaram gargaɗi ne cewa abin da gwamnati ke ɗauka zumunci da Faransa, talaka na kallonsa da wani ido daban. Ban ga alamar an ɗauki gargaɗin da muhimmancin da ya kamata ba. Ranar 25 ga Fabrairu 2015 Bazoum ya bar ma'aikatar, Aïchatou Boulama Kané ta gaje shi.

Daga Afrilu 2016 zuwa tsakiyar 2020 shi ne ministan cikin gida, amma babban abin da aka san shi da shi a nan ma harkar waje ce. Dokar 2015-36 ta hana safarar baƙin haure an kafa ta ne a Mayu 2015, a hannunsa aka fara aiki da ita gadan-gadan, bayan taron Valletta inda Turai ta yi alkawarin kuɗi ga ƙasashen da za su tare hanya. Aka kama direbobi, aka ƙwace motoci a Agadas. Turawa suka yaba. Shi ya kare dokar da cewa tana ceton rayuka kuma tana karya masu fataucin mutane da makamai. Masu suka suka ce ta saɓa wa yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 kan 'yancin zirga-zirga, ta kashe abincin direbobi da masu masauki da masu sayar da ruwa da abinci a kan hanya, ta kuma tura matafiya bin ɓarauniyar hanya inda mutuwa ta fi sauƙi. Duka biyun akwai gaskiya a ciki, sai dai ribar ta fi zuwa Turai, wahalar ta tsaya a arewa. Sojan da suka karɓi mulki sun soke dokar a Nuwamba 2023.

Da ya fito takarar shugaban ƙasa a 2020, abin da aka fara jifansa da shi asali ne. 'Yan adawa suka kai ƙara cewa ba haifaffen ɗan ƙasa ba ne, Kotun Tsarin Mulki ta yi watsi da ƙarar. A zagaye na biyu, ranar 21 ga Fabrairu 2021, ya samu kashi 55 da ɗoriya a kan Mahamane Ousmane, wanda ya ƙi amincewa da sakamakon. Jihar Damagaram, inda Bazoum ya tashi ya yi karatu, Ousmane ta fi ba ƙuri'a. An rantsar da shi ranar 2 ga Afrilu, kwana biyu bayan wani yunƙurin juyin mulki.

Ya yi mulki kamar wanda bai bar ofishin harkokin waje ba. A Yuli 2021, yana tsaye kusa da shugaban Faransa Macron a Paris, ya soki sojan Mali a fili kan ƙwace mulki, Bamako ta kira jakadan Nijar ta nuna ɓacin ranta. A Disamba ya jagoranci zaman Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, inda Nijar da Ireland suka kawo ƙuduri kan alaƙar sauyin yanayi da tsaro, Rasha ta hau kujerar na-ƙi. A Afrilu 2022 majalisar dokoki ta amince a karɓi sojan waje da ake kora daga Mali. A Satumba firaministan riƙo na Mali, Abdoulaye Maïga, ya tsaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya kira shi baƙo mai da'awar zama ɗan Nijar. A Maris 2023 Antony Blinken ya zo Yamai, karo na farko da sakataren harkokin wajen Amurka ya taka ƙasar. A gefe guda kuma ya buɗe ƙofar magana da wasu masu ɗauke da makamai, ya dage kan makarantun kwana na 'yan mata irin ta Kelle a gundumar Gure.

Hukuncina shi ne ya karanta haɗarin da ke tasowa daga arewa daidai, tun kafin mutane da yawa su gani, amma ya yi kuskuren auna gida. Yardar da ya samu a Paris da Washington da Brussels ta fi wadda ya samu a bariki da tasha da kasuwa. Mutuwar masu zanga-zanga uku a Tera a Nuwamba 2021, lokacin da suka tare ayarin sojan Faransa, ta nuna inda zukata suka karkata, shi kuwa ya ci gaba da amsa fushi da hujja irin ta aji. Ranar da Janar Abdourahamane Tiani, shugaban rundunar da ke tsaronsa, ya rufe shi a fada, sojan Faransa kimanin 1,500 da na Amurka kimanin 1,000 suna cikin ƙasar, ba su hana komai ba. Faransawa sun fice a Disamba 2023, Amurkawa a 2024, Nijar ta bar CEDEAO a Janairu 2025. Takunkumin da aka ƙaƙaba da sunan ceto shi kuwa, rufe iyaka da yanke wutar Najeriya, talakan Tanut da Belbeji ne ya biya shi a farashin shinkafa da magani.

Ranar 13 ga Agusta 2023 sojan suka ce za su tuhume shi da cin amanar ƙasa, suna kafa hujja da maganganun da ya yi da shugabannin ƙasashen waje da ƙungiyoyin duniya. A Disamba 2023 kotun CEDEAO ta ba da umarnin a sake shi, ba a bi ba. A Yuni 2024 wata kotu a Yamai ta cire masa rigar kariya. Ya haura shekara biyu a tsare tare da matarsa, bai sa hannu kan takardar murabus ba, ba a kuma gurfanar da shi ba. In har hulɗarsa da ƙasashen waje ce laifin, jama'ar da ta ɗauki nauyin wannan hulɗa tun 2011 ta cancanci ta ji bayaninta dalla-dalla daga bakin mai ƙara da bakin wanda ake ƙara. A kai shi gaban alƙali a bainar jama'a, ko a sake shi.